Fashin baƙi: Kainuwa ta cika tafkin Legas, to ina kifin ya tafi?

Kowace shekara, da damina ta yi nisa, kainuwa takan rufe hanyoyin ruwa a wajajen Ikorodu da Badagry da Epe. Jiragen fasinja su riƙa maƙalewa, masunta su kwana biyu ba su jefa koma ba, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jihar ta fito da injinan kwashe ciyawa. A gefe guda kuma masu sayar da kifi suna kukan cewa na tafki ya yi wuya. Abin da ya cika tebura shi ne titus da kote da panla na gidan sanyi, waɗanda akasarinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke yawan ambato sun nuna Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa yana wajen tan miliyan 1.2.

Tambayar da ake yi a majalisun Agege da Idi-Araba da Mile 12 ita ce: ruwan da ciyawa ke haɓaka a cikinsa haka ai mai albarka ne, to me ya hana kifi yawa? Wasu na ɗora laifin kan masunta, wasu kan masu haƙar yashi, wasu kan masana'antu da shara. Kowa da ƙanshin gaskiya a bakinsa. Amma ba za a iya auna maganganun nan ba sai an fahimci yadda abubuwa biyu suke tafiya tsakanin masu rai, wato makamashi da sinadarai. Hanyarsu ɗaya, ta baki da ciki, amma ƙa'idarsu ta sha bamban, kuma ruɗanin da ake yi a wannan batu daga haɗa su wuri guda yake tasowa.

Wa ke cin wa a cikin tafki?

Masana suna raba masu rai gida uku, gwargwadon inda suke samun abinci. Na farko su ne masu haɗa abinci da kansu: ciyayi, bishiyoyi da gansakuka. Su ne ke ɗaukar hasken rana, su haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, su samar da sukari, su saki iskar oksijin. A cikin tafki, kaso mai yawa na wannan aiki ƙananan gansakuka ne ke yin sa, masu yawo cikin ruwa, waɗanda sai da madubin likita ake ganin su, su ne ke sa ruwa ya yi kore-kore. Sai kuma dazukan mangurof, itatuwan nan na bakin ruwan gishiri masu saiwoyi a waje, waɗanda ganyensu ke zuba cikin taɓo ya zama abincin ƙaguwa da jatan lande.

Na biyu su ne masu ci. A cikinsu akwai matakai: ƙananan ƙwarin ruwa da ke cin gansakuka, 'ya'yan kifi da ke cin ƙwarin, manyan kifaye irin su obokun da barakuda da ke cin na ƙasa da su, sannan zalɓe da shirwa da guza da ɗan Adam. Na uku su ne masu ruɓarwa: bakteriya da fumfuna, tare da mataimakansu irin su tsutsa da tana da gara da buzuzu. Duk abin da ya mutu, da duk kashin da aka yi, hannunsu yake faɗawa.

Idan aka jera su a layi ɗaya, wannan ya ci wancan, wancan ya ci na gaba, ana kiran layin sarƙar abinci. Sai dai a zahiri ba wanda ke tsayawa kan abinci ɗaya. Tarwaɗa tana cin ƙwari, ta ci ɗan kifi, ta ci mushe, ta ci 'ya'yanta ma idan ta samu. Karfasa tana ƙarama ƙwarin ruwa take ci, idan ta girma ta fi karkata ga gansakuka. Sarƙoƙin sun sarƙe da juna, shi ya sa ake kiran tsarin gaba ɗaya ragar abinci. Tun a ƙarni na 9 malamin nan na Basra, Al-Jahiz, ya rubuta yadda kowace dabba ke cin wata kuma wata ke cin ta, sannan a 1927 Charles Elton na Ingila ya tsara batun a matsayin ilimi mai ƙa'idoji.

Makamashi: hanya ɗaya, babu komowa

Makamashi shi ne abin da ke sa jiki ya motsa, ya yi ɗumi, ya yi girma, kuma da kalori ake auna shi a abinci. Tushensa rana ce. Daga hasken da ke sauka a kan daji ko ruwa, abin da tsirrai ke iya mayarwa abinci bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma wajen rabin wannan ɗin su da kansu suke ƙonewa don su rayu. Ragowar ita ce jarin duk wata dabba da ke wurin.

A 1942 wani matashin masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a wani ƙaramin tafki da ake kira Cedar Bog a jihar Minnesota. Daga aikinsa ne aka samo ƙa'idar da ake koyarwa har yau: daga mataki zuwa mataki, kimanin kashi 10 cikin 100 na makamashi ne kawai ke tsallakewa. Ba lamba ce tsayayya ba, takan sauka zuwa 5, takan hau zuwa 20, amma ta isa a yi lissafi da ita.

Ga lissafin. Babban mutum yana buƙatar wajen kilokalori 2,000 a rana. Idan zai same su daga kifin bonga, wanda ake bandawa a kai kasuwa, kuma shi gansakuka yake tacewa daga ruwa kai tsaye, to gansakuka mai kilokalori 20,000 ta wadatar. Idan kuwa daga barakuda zai same su, wadda ta ci ƙaramin kifi, shi kuma ya ci ƙwarin ruwa, su kuma suka ci gansakuka, sai an tanadi gansakuka mai kilokalori miliyan 2. Ninki 100 ke nan, don cin rana ɗaya na mutum guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa manyan kifaye masu farauta ba su da yawa a kowane ruwa, shi ne ya sa suke da tsada, kuma shi ne ya sa sarƙar abinci ba ta cika wuce matakai 4 ko 5 ba. A sama da haka babu abin da ya rage da zai riƙe wata halitta.

Ina sauran kashi 90 ɗin? Wani ɓangare ba a ci shi ba sam, ya mutu ya nutse. Wani an ci amma ciki bai narkar ba, ya fita a kashi. Mafi girman ɓangare kuwa dabbar ta ƙone shi wajen numfashi da iyo da neman abinci da gudun abokan gaba, ya fita a matsayin zafi. Zafin nan ba ya komawa abinci har abada. Tsiro ba ya iya haɗa sukari da ɗumin jikin saniya, sai da sabon hasken rana.

Kifin kiwo da sa: inda ake yawan kuskuren lissafi

Masu kiwon tarwaɗa a Ikorodu za su ce wannan ƙa'ida ba ta shafe su ba, tunda da kilo 1.2 zuwa 1.5 na abinci mai kyau suna samun kilo 1 na kifi. Lissafinsu daidai ne, amma a lura da abu biyu. Abincin buhu busasshe ne, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, jikin kifi kuwa wajen kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Idan aka busar da kifin aka sake awo, za a ga mafi yawan abincin bai zama nama ba. Na biyu, kifin kwatami ba ya farauta, ba ya gudun kowa, kuma ba ya ɓata makamashi wajen ɗumama jikinsa, tunda zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa kuwa dole su riƙe ɗumin jiki dare da rana, shi ya sa a daji kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kacal na abin da cikinsu ya narkar yake zama tsoka. Ko a kiwon zamani, kazar gidan gona tana cin kusan kilo 2 kafin ta ƙara kilo 1, san da ake turkewa kuwa kilo 6 zuwa 10. Tsadar naman da mai suya ke saye a kwatar Oko-Oba ba kuɗin mota da haraji kaɗai ba ne, akwai wannan asarar a cikinta tun daga ruga.

Daga nan wasu ke cewa kiwon shanu ɓarna ne, gara a shuka hatsi a ci kai tsaye. Maganar tana da ƙarfi inda ake ba dabba masara da waken suya da mutum zai iya ci. Amma saniyar Bafulatani ciyawa da karan dawa da harawa take ci, abubuwan da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa. Bakteriyar da ke cikin tumbinta ce ke farfasa su, ta mayar mana da su nono da nama. A ƙasar da noma ba ya yi sosai, ita ce hanyar da makamashin ciyawa ke isowa ga mutum.

Sinadarai: zagaye suke yi

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da sinadarai irin su kabon, naitirojin, fosforas, kalsiyam da ƙarfe. Su ba sa ƙonewa su ɓace. Injin niƙa ya isa misali: man da ya sha ya tafi ke nan, sai an sayo wani, amma dawar da aka zuba tana nan, ta zama gari da dusa da ɗan abin da ya zube a ƙasa, idan aka tattara aka auna ba abin da ya ɓata.

Kabon yana shiga ganye daga iska, ya bi ta cikin masu ci, ya koma iska ta numfashi da ruɓewa da ƙona itace. Naitirojin ya fi wuyar sha'ani. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa haka. Sai wasu bakteriya sun kama shi sun sarrafa, irin waɗanda ke zaune a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa da gawo. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko yake barin gawo a tsakiyar gona, da wannan ilimi yake aiki. Takin zamani kuwa hanya ce ta kama naitirojin daga iska da ƙarfin iskar gas, kamar yadda ake yi a masana'antar yuriya ta Dangote da ke Ibeju-Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Idan dabba ta ci, naitirojin ya zama furotin a jikinta, ya fita a fitsari da kashi, bakteriya su mayar da shi amoniya, wasu su mayar da amoniyar naitireti, saiwa ta sake sha.

Fosforas shi ba ya zama iska. Daga dutse yake fitowa, kuma mafi yawan ajiyarsa ta duniya tana Maroko. Idan ruwa ya wanke shi ya kai teku, dawowarsa tudu sai bayan zamunna masu tsawo. Akwai wani abin mamaki a nan: ƙurar hunturu da ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi, irin wadda ke sa hazo har Legas, tana ƙetare tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon, kuma masu bincike na hukumar NASA sun ƙiyasta a 2015 cewa ƙurar Sahara tana kai wa dajin fosforas wajen tan 22,000 a shekara.

Inda zagayen ya tsinke

A ƙauye zagayen gajere ne. Gona ta ba da dawa, mutane da dabbobi suka ci, aka kwashe taki da toka da shara aka mayar gona kafin shuka. Legas ta sauya wannan tsari gaba ɗaya. Kullum tireloli suna sauke tumatir da albasa da tattasai da wake a Mile 12, ana sauke shanu da awaki daga Arewa da Nijar da Chadi. Kowane kwando, kowane sa, ɗauke yake da naitirojin da fosforas na ƙasar Kano ko Sakkwato ko Yobe. Motar da ta kawo su ba ta komawa da taki.

To ina suke ƙarewa? Ɓawo da ruɓaɓɓen kayan gwari suna tafiya juji, cikin sharar da hukumomin jihar ke ƙiyasta ta kai tan 13,000 a rana, wadda kusan rabinta mai ruɓewa ce. A juji irin na Olusosun da ke Ojota, inda shara ke danne shara babu iska, ruɓewar tana fitar da iskar mitan mai kama wuta, kuma mutanen yankin ba su manta da gobarar 2018 ba. Jini da tumbi daga mayanka, ruwan masai, ruwan wanki, ruwan kwatamin kifi, su kuma magudanai ke kwashe su zuwa tafki, ga abin da kogin Ogun ke kawowa daga gonaki da garuruwan da ya ratso. Sakamakon biyu ne, kuma matsala ɗaya ce: gonar Arewa tana ramewa, manomi yana cin bashi ya sayi buhun taki, tafkin Legas kuma ya sha takin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda yawan taki ke kashe kifi

Nan amsar tambayar farko take. Kainuwar da ke Legas, mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren kara, ba 'yar ƙasa ba ce. Asalinta Kudancin Amurka, kuma a 1984 aka fara ganin ta a ruwan Najeriya, ta shigo ta Badagry daga Jamhuriyar Benin. A ruwa mai taki takan ninka kanta cikin mako biyu. Ƙwarin da ke cin ta a ƙasarta ba su biyo ta ba, kifayenmu kuma ba abincinsu ba ce. Wato makamashin ranar da ta kama bai shiga ragar abinci ta hanyar da za ta kai ga kifi ba. Bugu da ƙari ta yi rumfa a kan ruwa, ta tare haske, ƙananan gansakukan da ke ƙasa suka mutu, ƙwarin da ke cin su suka rasa abinci, 'ya'yan kifi suka bi baya. Gaskiya ne saiwoyinta sukan zama mafaka ga ƙananan kifaye idan ba ta yi yawa ba, amma shimfiɗar da ta rufe ruwa baki ɗaya cutarwa ce zalla.

Sai kuma rani ya shigo. Tafkin Legas haɗe yake da teku ta bakin tashar jiragen ruwa, don haka da ruwan koguna ya ja baya, gishiri yakan shigo. Kainuwa ba ta jure gishiri, sai ta mutu ta nutse. Bakteriya su far mata, kuma aikinsu da oksijin suke yin sa, irin wanda kifi ke shaƙa. Garin katako daga wuraren tsaga itace, jinin mayanka da ruwan masai duk haka suke yi: abinci ne ga bakteriya, kuma kuɗin cin sa oksijin ne.

Ruwa dama ba ya riƙe iska da yawa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi a zafin digiri 20 tana riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7.5, ruwan gishiri ma ƙasa da haka. Yawancin kifaye suna son ya kai miligiram 5. Ya sauka ƙasa da 2, sai mutuwa ko hijira. Lokaci mafi haɗari shi ne asuba, domin da dare gansakuka ba ta samar da oksijin, sha take yi tare da kowa. Shi ya sa idan aka ga kifi ya taso ya mutu da yawa, galibi da sassafe ake tarar da shi, musamman bayan ruwan farko da ya wanko dattin magudanai na watanni. Mutane sukan ce an zuba guba. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa shaƙewa ce. Tarwaɗa takan tsira saboda tana da wata gaɓa a saman kai da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka ganin tarwaɗa a ruwa ba shaida ba ce cewa ruwan lafiya lau yake.

Gubar da ke hawa sama

Makamashi raguwa yake yi daga mataki zuwa mataki, amma wasu gubobi taruwa suke yi. Dalili shi ne jiki ba ya iya ƙona su, ba ya iya fitar da su da sauri. Babban kifi ya ci ƙanana dubu, ya ƙone naman nasu, gubar dubun kuwa ta zauna a jikinsa.

Zaiba, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da Turawa ke kira makyuri, ita ce fitacciya a nan. Tana shiga ruwa daga wankin zinare, fasassun dogayen ƙwayayen lantarki, wasu batura da wasu mayukan bilicin. Bakteriyar taɓo ta mayar da ita nau'in da ke manne wa tsoka. A garin Minamata na Japan aka gano cutar a 1956, bayan iyalan masunta sun daɗe suna cin kifin da ruwan wata masana'anta ya gurɓata, aka riƙa haihuwar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ke cikinta. Maganin ƙwari na DDT ma haka ya yi wa tsuntsaye masu cin kifi a Amurka, ɓawon ƙwansu ya yi laushi yana fashewa a sheƙa. Gamalin da wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi danginsa ne, kuma tun 2009 yana cikin sinadaran da yarjejeniyar duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta haramta. Mai yin haka ya kashe kifin yau, ya kashe ƙwarin da kifin baɗi zai ci, ya kuma sayar wa mutane guba.

Dafuwa da suya da banda ba sa cire zaiba. Gubobi irin su DDT a kitse suke zama, don haka cire fata da kitsen ciki yana rage su. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara ya kamata su rage cin manyan kifaye masu farauta irin su shak da tsohuwar barakuda, su fi karkata ga bonga da sadin da titus da karfasa, waɗanda ke ƙasa a sarƙa. Kada a bar cin kifi saboda tsoro, amfaninsa ga ƙwaƙwalwar jariri tabbatacce ne.

Idan aka cire guda, ko aka ƙara guda

Tsofaffin mahauta suna tuna lokacin da ungulaye ke cika kowace kwata. Yau da wuya a ga ko ɗaya. Farautarsu don tsibbu da magani, guba, da sare dogayen bishiyoyi sun ƙarar da su, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun kwata cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 2015, kuma gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke Lekki ta daɗe tana faɗakarwa a kai. Abin da ya faru a Indiya ya isa gargaɗi. Maganin ciwo na daikulofenak da ake yi wa shanu ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in suka mutu kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushen bai ɓace ba, karnukan banza da ɓeraye ne suka gaje shi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya zama babbar barazana.

Ƙari ma yana da nasa haɗarin. Giwan ruwa da aka saka a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950 ya kawo kasuwar fitar da kifi waje, amma ya cinye nau'o'in ƙananan kifaye wajen 200, waɗanda da yawansu masu cin gansakuka da datti ne.

Laifin wa?

Masu ɗora wa masunta laifi suna da hujja. Koma mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, tana kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Manyan jiragen kamun kifi kuma dokar 1992 ta hana su jan koma a cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, kuma ƙananan masunta sun daɗe suna ƙorafin ana keta ta.

Masu haƙar yashi suna cewa gari mai mutane sama da miliyan 15 dole ya yi gini, kuma dubban lebura da direbobin tifa, cikinsu har da 'yan Arewa da yawa, a nan suke ci. Wannan ma gaskiya ne. Amma injin haƙa yana kwashe shimfiɗar ƙasan ruwa inda tsutsa da dodon koɗi da jatan lande ke zaune, yana dama ruwa haske ya kasa shiga, yana barin ramuka masu zurfi da oksijin ba ya kaiwa ƙasansu. Cike fadamu da sare mangurof don gidaje kuwa rushe ɗakin renon kifi ne, domin kifayen teku da dama da jatan lande a nan suke yin ƙuruciyarsu.

A ganina, ɓarnar da ake yi wa ƙasan raga ta fi ta samanta muni. Ruwan da aka yi wa yawan kamu, idan aka ɗaga masa ƙafa na wasu shekaru yakan farfaɗo, muddin gansakuka da ƙwari da wurin ƙwai suna nan. Wanda aka kashe tushensa kuwa, ko an kori duk masuntan Makoko, unguwar masunta da ke bakin tafkin, kifi ba zai dawo ba. Kwashe kainuwa da inji yana buɗe hanyar jirgi, amma muddin takin na kwarara, za ta dawo baɗi. Idan kuma aka sare ta aka bar ta cikin ruwa, an ƙara wa bakteriya abinci ne. A fitar da ita tudu a yi taki da ita, sai dai wadda aka kwaso kusa da magudanar masana'antu, domin tana tsotsar ƙarafa masu guba, kada a kai ta lambun kayan miya.

Abin da mai kwatami da mai lambu za su iya yi

Daga naitirojin da ke cikin abincin kifi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne ke zama nama. Sauran yana cikin ruwa a matsayin amoniya da kashi. Yawan zuba abinci shi ne kuskure mafi tsada: ƙananan kifi ana ba su wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a rana, manya kashi 2 zuwa 3, kuma abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. Dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, don haka da rani a ƙara yawan canjin ruwa. Idan kifi ya ƙi cin abinci, ko ruwa ya fara wari, a dakatar da ciyarwa na yini guda a sauya ruwa kafin a nemi magani. Ruwan da aka zubar kuwa taki ne, wurinsa kwamin alayyafo da ugu da ayaba, a zuba shi a gindi, kada a watsa a ganyen da za a ci ɗanye.

Ruɓaɓɓen kayan gwari na kasuwa da tumbin mayanka suna zama taki mai kyau idan aka bi ƙa'ida. A haɗa ɗanyen abu kashi 1 da busasshe kashi 2 zuwa 3, irin su garin katako, busasshiyar ciyawar kwando ko yagaggen kwali. Tsibin ya kai mita 1 a tsawo da faɗi, a ƙarƙashin rumfa saboda ruwan saman Legas. A damƙi kaɗan a matse: ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, damshin ya yi daidai. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsakiyarsa za ta yi zafi har digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya shi duk mako. Warin fitsari alama ce ɗanye ya yi yawa, a ƙara busasshe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, a juya a buɗe shi. Idan bai yi zafi ba, ko ya bushe ne ko tsibin ya yi ƙanƙanta. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasa, girmansa ya ragu zuwa kusan rabi, sai a tankaɗe a zuba a buhu.